Gubar Hayaƙin Ƙona Shara: Yadda Ake Auna Ta da Abin da Sakamakon Yake Nufi ga Lafiyarka

Idan gidanku yana kusa da bola, ko bayan katangar asibitin da ake ƙona sharar magani, ko a unguwar da ake ƙona wayoyin lantarki don a ciro tagulla, wataƙila ka taɓa yi wa likita wannan tambaya: akwai gwajin da zai nuna ko hayaƙin nan ya yi mana illa?

Akwai, amma gwaje-gwajen suna da yawa, kuma kowanne da abin da yake nunawa. Wasu ana yin su a bakin bututun hayaƙi, wasu a iskar unguwa, wasu a ƙasa da abinci, wasu kuma a jini ko fitsarin mutum. Wannan bayani zai nuna maka waɗanda za su amfane ka a asibiti, da waɗanda aikin hukuma ne, da yadda za ka fahimci lambobin da aka rubuta a takardar sakamako.

Me ke cikin hayaƙin shara?

Abin da ido yake gani a hayaƙi kaɗan ne daga abin da ke cikinsa. Ga manyan gubobin da ake aunawa:

- Ƙananan ɓarɓashi. Ana kiran su PM10 da PM2.5, gwargwadon girmansu. Na PM2.5 sun fi silin gashi siranta kusan sau 30. Suna wuce hanci da maƙogwaro har can cikin huhu, kuma suna da hannu a cutar asma, da ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.
- Iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kama shi sama da sau 200, sai jinin ya kasa kai oksijin ga ƙwaƙwalwa da zuciya.
- Iskoki masu ɗauke da asid. Su ne suke sa ido ya yi yaji, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, ƙirji ya riƙe. Ƙona robar PVC, irin ta bututun ruwa da bawon wayar lantarki da wasu kayan asibiti, yana fitar da su sosai.
- Ƙarafa masu guba: dalma, da zaiba, da kadmiyam. Suna fitowa daga batira, da fenti, da kayan lantarki, da dogayen ƙwan fitila, da tsohon ma'aunin zafin jiki mai zaiba. Wuta ba ta lalata ƙarfe. Ko dai ya tashi cikin hayaƙi ko ya zauna a toka.
- Sinadaran PAH, waɗanda suke manne a baƙin kunkunniyar taya da roba. Wasunsu suna jawo cutar daji.
- Dayoksin da furan. Babu mai ƙera su da gangan, wutar ce take haɗa su. Iri 210 ne, kuma 17 daga ciki su ne masu cutarwa sosai. Mafi muninsu shi ne TCDD, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam a 1997.

Me ya sa wata wuta ta fi wata guba?

Zafin wuta shi ne babban abin lura. Dayoksin yana haɗuwa ne idan aka sami abin ƙonawa, da sinadarin kulorin, da zafi tsaka-tsaki, wajen digiri 200 zuwa 450 na ma'aunin Salsiyos. Tagulla tana ƙara hanzarta haɗuwarsa. Kulorin kuwa ba ya wuyar samu a bola: yana cikin robar PVC, yana kuma cikin gishirin sauran abinci.

Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa injin ƙona shara ya riƙe hayaƙinsa a digiri 850 ko fiye na aƙalla daƙiƙa 2, sannan digiri 1,100 ga shara mai haɗari da ke da kulorin da yawa. Bayan haka a sanyaya hayaƙin da sauri don kada gubar ta sake haɗuwa, a kuma tace shi kafin ya fita.

Wutar bola tana yin akasin haka. Tana ci a hankali a ƙarƙashin tsibin shara, babu isasshiyar iska, wani lokaci kwana da kwanaki. Wani bincike na masanan hukumar kare muhalli ta Amurka da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa sharar iyali ɗaya, idan ana ƙona ta a cikin duro a bayan gida, tana iya fitar da dayoksin daidai da na injin zamani da ke ƙona sharar dubban gidaje. Saboda haka ƙanƙantar wuta ba ta nufin ƙanƙantar guba.

Ma'aunan da za ka gani a takarda

Kafin ka karanta sakamako, ka san waɗannan:

- Miligiram: giram ɗaya an raba shi gida dubu.
- Maikirogiram: giram ɗaya an raba shi gida miliyan.
- Nanogiram: giram ɗaya an raba shi gida biliyan.
- Pikogiram: nanogiram ɗaya an sake raba shi gida dubu.
- Kubik mita: iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Lita dubu ke nan.

Ana auna ɓarɓashi da maikirogiram, dayoksin kuma da nanogiram ko pikogiram. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙarfin gubarsa.

A sakamakon dayoksin za ka ga haruffan TEQ. Tun da ire-irensa ba ƙarfinsu ɗaya ba, sai aka yi musu abin da ɗan canji yake yi idan ka kawo masa sefa da dala da riyal: ya mayar da su duka naira ya ba ka jimilla ɗaya. An ba TCDD daraja 1. Wani iri darajarsa kashi ɗaya cikin goma ce ta TCDD, wani kuma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ana ninka yawan kowanne da darajarsa, a tara, sai a sami TEQ. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da jadawalin waɗannan darajoji a 1998, ta sabunta shi a 2005 da 2022. Idan za ka kwatanta sakamako biyu, ka duba ko da jadawali ɗaya aka yi lissafinsu.

Awo a bakin bututun hayaƙi

Wannan shi ne awon da ake yi wa injin ƙona shara na birni, ko na masana'anta, ko na babban asibiti. Iri biyu ne.

Na farko shi ne awon da ba ya tsayawa. Ana dasa na'urori a jikin bututu suna karanta ƙura, da kabon monoksaid, da iskoki masu asid, da oksijin, da zafin wuta, dare da rana. A dokar Tarayyar Turai, matsakaicin awon yini kada ya wuce miligiram 10 na ƙura da miligiram 50 na kabon monoksaid a kowace kubik mita. Idan kabon monoksaid ya hau, alama ce wutar ba ta ci da kyau, kuma a irin wannan lokaci sauran gubobi ma sukan ƙaru.

Na biyu shi ne ɗibar samfuri. Babu na'urar da take karanta dayoksin nan take kamar yadda ma'aunin hawan jini yake yi. Sai ma'aikata sun hau bututu, sun zura wani siririn bututu a ciki, sun zuƙi hayaƙin na awa 6 zuwa 8 ta cikin matata da wani sinadari mai kama gubar. Daga nan a kai samfurin ɗakin gwaje-gwaje na musamman, a tsabtace shi, a raba sinadaran da ke ciki, a auna kowanne. Sakamako yakan ɗauki makonni. Iyakar da Tarayyar Turai ta sa, wadda ƙasashe da yawa suka ɗauka, ita ce nanogiram 0.1 TEQ a kowace kubik mita. Ta zaiba kuma miligiram 0.05.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ka sani game da wannan awo.

Na ɗaya, ana iya yi wa hayaƙi algus kamar yadda ake zuba wa nono ruwa. Idan aka hura iska mai yawa cikin bututu, gubar za ta bayyana kaɗan a kowace kubik mita, alhali yawan da ke fita bai ragu ba. Don toshe wannan ƙofa, ana mayar da kowane sakamako kan ma'auni guda: busasshen hayaƙi mai oksijin kashi 11 cikin ɗari. Takardar da ba ta faɗi haka ba, da sauran bayani a kanta.

Na biyu, doka takan nemi a ɗibi samfurin dayoksin sau biyu a shekara, kuma masu injin sun san ranar. Lokacin kunna inji da kashe shi, da lokacin da ya sami matsala, su ne lokutan da guba ta fi fita, kuma da wuya awo ya faɗo a kansu. Saboda haka ne Beljiyam da Faransa suka wajabta na'urar da take tara samfuri na makonni a jere.

Ƙananan wuraren ƙona shara na bulo da ake ginawa a bayan asibitoci da yawa ba su da matata, kuma zafinsu yana hawa yana sauka. A irinsu, abin da za a iya sa wa ido cikin sauƙi shi ne ma'aunin zafi, da launin hayaƙi, da irin abin da ake zubawa a ciki. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce ta wutar da ba ta ci da kyau. Amma hayaƙi ya yi fari ko ya ɓace ba shaida ba ce cewa babu dayoksin ko zaiba a cikinsa.

Awo a iskar unguwa

Bola ba ta da bututu, don haka iskar da mutane suke shaƙa ake aunawa. Hanya mafi inganci ita ce na'ura ta zuƙi iska ta cikin matata na awa 24, a auna nauyin matatar kafin da bayan haka. Ana iya kai matatar nan ɗakin gwaje-gwaje a nemi dalma, da kadmiyam, da PAH a jikinta.

Akwai kuma ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi da suke ƙirga ɓarɓashi ta hanyar haske, su tura lamba zuwa waya. Suna da amfani wajen nuna lokacin da hayaƙi ya fi yawa a yini, amma laima da ƙura suna rikita lissafinsu, kuma ba su san bambancin ƙura da guba ba.

Ƙa'idar WHO ta 2021 ta ce:

- PM2.5: maikirogiram 15 a kubik mita a matsakaicin awa 24, da 5 a matsakaicin shekara.
- PM10: maikirogiram 45 a awa 24, da 15 a shekara.
- Kabon monoksaid: miligiram 4 a awa 24.

A ƙasashenmu akwai abin da ke dagula wannan awo, wato hazon hunturu. Ƙurar da iska take kwasowa daga hamada ita kaɗai tana iya haura waɗannan lambobi ninki-ninki, ko da ba a kunna wuta ko ɗaya ba. Ga kuma hayaƙin itacen girki, da na janareta, da na ababen hawa. Saboda haka awo mai ma'ana yana buƙatar na'ura biyu, ɗaya a gefen da iska take fitowa kafin ta iso bola, ɗaya a gefen da take kai hayaƙin, sannan a kwatanta ranakun ƙonawa da ranakun da ba a ƙona ba. Lokacin awo ma yana da muhimmanci. Da daddare da asuba, musamman a lokacin sanyi, iska takan kwanta, hayaƙi ya kasa tashi sama ya zauna a tsakanin gidaje. Awon da aka yi da tsakar rana ba zai nuna abin da yara suke shaƙa suna barci ba.

Awo a ƙasa, da toka, da abinci

Mutane da yawa sun ɗauka ta hanci dayoksin yake shiga jiki. A gaskiya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na wanda ke jikin mutane ta abinci ya shiga, musamman nama, da madara, da ƙwai, da kifi. Gubar tana sauka a ƙasa da ciyawa, dabba ta ci, ta taru a kitsenta, mutum ya ci dabbar. Idan ta shiga jikin mutum, sai bayan shekara 7 zuwa 11 rabinta yake fita.

Shi ya sa masu bincike suke son ƙwan kajin da ke kiwo a sake, da madarar shanun yankin. Kaza tana tonon ƙasa kullum, sai ƙwanta ya zama kamar rajistar abin da ya sauka a wurin na tsawon watanni.

Misalai biyu sun nuna amfanin wannan awo. A 2001, a Gilly-sur-Isère kusa da garin Albertville a Faransa, awo ya nuna wani tsohon injin ƙona shara yana fitar da dayoksin fiye da iyakar Turai sau ɗaruruwa. An rufe injin, aka gwada madarar shanun yankin aka sami gubar a ciki, aka hallaka dubban dabbobi. A 2019 kuma, ƙungiyoyin IPEN da BAN sun fitar da sakamakon gwajin ƙwan kaji daga Agbogbloshie a birnin Accra na Ghana, inda aka daɗe ana ƙona wayoyi da tsofaffin kayan lantarki. Lissafinsu ya nuna cewa babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya ya wuce iyakar yini ta hukumar kula da ingancin abinci ta Turai sau 220.

Iyakar da Turai ta sa wa ƙwan da ake sayarwa ita ce pikogiram 2.5 TEQ na dayoksin a kowane giram na kitse. Ga jikin mutum kuwa, kwamitin masana na WHO da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsayar a 2001 cewa kada abin da mutum yake ci a wata ya wuce pikogiram 70 a kan kowane kilo na nauyinsa. A 2018 hukumar Turai ta tsaurara nata zuwa pikogiram 2 a kowane kilo a mako.

Awon ƙarafa a ƙasa da toka ya fi sauƙi. Akwai na'urar hannu mai suna XRF da ake ɗora wa ƙasa ta nuna yawan dalma cikin 'yan mintoci. Wannan yana da amfani ga filin wasan yara, da gonakin gefen gari da ake kai wa sharar bola da tokarta a matsayin taki.

Awo a jikinka

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar ka a matsayin majiyyaci.

Kabon monoksaid a jini. Ana yin wannan gwaji ga wanda ya shaƙi hayaƙi mai yawa yanzu-yanzu. A wanda ba ya shan taba, lambar ba ta cika wuce kashi 3 cikin ɗari ba. A mashayin taba tana iya kaiwa kashi 10. Rabin gubar yana fita cikin awa 4 zuwa 5 idan mutum ya koma iska mai kyau, don haka jinkirin zuwa asibiti yana sa sakamako ya yi ƙasa. Ka gaya wa likita ƙarfe nawa abin ya faru. Ka kuma sani cewa ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ba ta gane wannan guba. Tana iya nuna 98 alhali mutum yana cikin haɗari.

Gwajin ƙarfin huhu. Za a ba ka bututu ka cika ƙirji ka hura da iyakar ƙarfinka. Na'urar tana auna yawan iskar da ka fitar a daƙiƙar farko, ta kwatanta da duka iskar da ka fitar. Idan ta daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin ɗari ba bayan an ba ka maganin buɗe hanyar iska, alama ce ta toshewa mai daɗewa. Gwajin yana nuna ɓarnar da aka yi, amma ba ya faɗin wane hayaƙi ne ya yi ta. Mai asma zai iya riƙe ƙaramar na'urar hurawa a gida, ya riƙa rubuta lambarsa safe da yamma tare da ranakun da aka ƙona shara. Wannan rubutu yana taimaka wa likita ƙwarai.

Dalma a jini. Wannan ne gwaji mafi muhimmanci ga yara ƙanana da masu juna biyu da ke zaune kusa da wurin ƙona batira ko kayan lantarki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun kafin wata alama ta bayyana, kuma babu adadin da aka sani ba ya cutarwa. WHO ta ce daga maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini, a nemo inda gubar take fitowa a raba mutum da ita. Daga 45 ga yaro, likita zai duba batun maganin da ke fitar da ita daga jiki. Idan da jinin yatsa aka yi gwajin kuma ya nuna da yawa, sai an tabbatar da jinin jijiya, domin ƙurar da ke kan fata tana iya shiga samfurin. Annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara kusan 400, daga niƙan duwatsun zinare ta taso, ba daga shara ba, amma guba ɗaya ce kuma gwaji ɗaya ne ya gano ta.

Zaiba da kadmiyam. Zaibar da aka shaƙa, a fitsari aka fi neman ta. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda ya zauna shekaru masu yawa, kuma ana auna shi a fitsari da jini. Taba sigari ma tana ƙara shi, don haka ka gaya wa likita gaskiya idan kana sha.

PAH a fitsari. Yana nuna abin da ya shiga jiki a kwana ɗaya ko biyu da suka wuce ne kawai. Gasasshen nama, da kifi banda, da taba duk suna ɗaga lambar. An fi amfani da shi wajen binciken lafiyar ma'aikata.

Dayoksin a jini. Ana iya yi, amma ba ma ba ka shawarar ka neme shi da kuɗinka. Yana buƙatar jini mai yawa, ɗakunan gwaje-gwajen da suke iya yinsa kaɗan ne a duniya, kuma WHO ta ƙiyasta kuɗin samfuri ɗaya da fiye da dala 1,000. Kusan kowa yana da ɗan kaɗan a jikinsa. Lambar ba za ta gaya maka ko za ka kamu da cuta ba, kuma babu wani tabbataccen maganin da yake wanke shi daga jiki. Duk wanda ya ce zai sayar maka da maganin wankin dayoksin, ka riƙe kuɗinka. Amfanin wannan gwaji ga al'umma ne, idan hukuma tana son ta san halin da yanki yake ciki.

Idan kina da ciki ko kina shayarwa

Dayoksin da dalma suna iya ratsa mabiyiya su kai ga jariri, kuma dayoksin yana fita a nono. Tun 1987 WHO take tattara samfurin nonon mata masu haihuwar fari daga ƙasashe daban-daban, a haɗa su wuri ɗaya a gwada, don a ga ko gubar tana ƙaruwa ko tana raguwa a ƙasa. Gwajin ƙasa ne, ba na mace ɗaya ba.

Kada ki yaye jaririnki saboda tsoron wannan. Matsayin WHO shi ne amfanin nono ya fi wannan haɗari nesa, kuma shawarar nono zalla na wata 6 tana nan. Abin da za ki yi shi ne ki nisanci hayaƙin, ki daina hura wuta da leda ko roba, ki guji ƙwai da naman kajin da ke kiwo a kan bola. Ki gaya wa ma'aikaciyar awon ciki inda kike zaune da sana'ar maigida. Wanda yake aikin batir ko gwangwan yana iya shigo da ƙurar dalma gida a tufafinsa.

Tambayoyin da za ka yi idan an nuna maka sakamako

- A ina aka ɗibi samfurin, kuma ta wane gefe iska take kaɗawa a ranar?
- Ƙarfe nawa aka ɗiba, kuma na tsawon wane lokaci? Ana cikin ƙonawa ne?
- Me da me aka auna? Awon ƙura bai ce komai a kan dayoksin ba.
- Da wace iyaka aka kwatanta? Iyakar bakin bututu daban, ta iskar shaƙa daban.
- Idan an rubuta "ba a gano ba", mene ne mafi ƙanƙantar adadin da na'urar take iya gani?
- Wa ya yi awon, kuma wa ya biya kuɗinsa?

A Najeriya, hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce mai alhakin tilasta bin dokokin muhalli, kuma akwai dokar 2011 da ta shafi ƙone-ƙone a fili. Jihohi ma suna da hukumomin muhalli da ma'aikatan duba-gari. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta ɗora wa ƙasashe nauyin rage fitar dayoksin. Idan za ku kai ƙorafi, ku haɗa kai da mai unguwa, ku tafi da rubutattun ranaku da lokutan ƙonawa, da hotuna, da yawan mutanen da suka je asibiti.

Yaushe za ka je asibiti?

Ka garzaya nan take idan bayan shaƙar hayaƙi ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- numfashi yana wuya, ko ƙirji yana ciwo
- ciwon kai mai tsanani da jiri da amai, musamman idan ya kama mutane da yawa a gida lokaci ɗaya
- ruɗewa, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, ko suma, ko farfaɗiya
- murya ta dushe, ko baƙin kunkunniya a hanci da baki
- asma ta tashi kuma maganin shaƙa bai kwantar da ita ba
- jariri yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi kama nono

Ka fara fitar da mutumin zuwa iska mai kyau. Kada ka tsaya ba shi madara ko manja, ba sa karya wannan guba.

Ka nemi ganin likita cikin 'yan kwanaki idan tari ya wuce mako 2, domin a duba tarin fuka da sauran cututtuka. Haka kuma idan yaro yana yawan ciwon ciki, ko jininsa ya yi ƙasa, ko ya koma baya a magana da karatu. Masu asma, da masu ciwon zuciya, da masu sikila, da tsofaffi, da jarirai su ne hayaƙi ya fi saurin kayarwa.

Abin da za ka yi ba tare da jiran awo ba

- Ka raba shara. Sauran abinci da ganye su zama taki, ƙarfe da roba su tafi wurin masu saye.
- Kada ka jefa batir, ko taya, ko wayar lantarki, ko bututun PVC, ko ƙwan fitila a wuta.
- Kada a hura wutar girki da leda ko tsohon takalmin roba.
- Ka guji ganda da kai da ƙafa da aka babbake da taya.
- Kada a zuba tokar bola a gonar kayan miya, kada kuma a yi ruwan toka na girki da ita.
- Ka killace kajinka da awakinka idan akwai bola kusa.
- Ka hana yara wasa a kan toka, a wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci.
- Idan hayaƙi ya taso, a rufe tagogin gefen da yake shigowa, a buɗe bayan ya wuce. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya.
- Takunkumin N95 da ya zauna daidai a fuska yana tare yawancin ɓarɓashi, amma ba ya tare kabon monoksaid. Na yadi ba ya tare ƙananan ɓarɓashi sosai.
- Idan aikinka ne, ka canza tufafi ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro.

Idan ka zo asibiti, ka gaya wa likita nisan gidanku da wurin ƙonawa, da abin da ake ƙonawa, da tsawon shekarun da kuka yi a wurin, da sana'ar kowa a gidan. Da wannan bayani ne zai san gwajin da ya dace da kai da yaranka, da wanda ba sai ka kashe kuɗi a kansa ba.